Katin da Na Ce Ya Ɓace

Litinin, 7 ga Yuli, ƙarfe 1:15 na rana

Na dawo aiki yau. Likita Sama'ila ya ce in ƙara sati guda, na ce a'a. Zaman gidanmu na Kaura Goje ya fi ƙarfina. Mutane cike da tsakar gida, kowa na sosa ƙeya, don ba ta'aziyya suka zo ba, ba kuma barka ba. Sai dai "Allah ya bayyana shi."

Kwana biyar ke nan da yayana Abdulbaqi ya taso daga Kaduna bai iso Kano ba. Wayarsa a kashe. A ranar ce wata mota ta yi karo da tankar mai a hanyar Zariya, ta ƙone da mutum bakwai, ba a gane kowa ba, aka binne su a can. A takardar tasha "Abdul" kawai aka rubuta, ba lamba, ba unguwa. Kawu Bala ya ce Abdul nawa ne a ƙasar nan? Kowa ya kama wannan maganar ya riƙe.

Shekara tara ina wanke haƙoran mutane a asibitin nan na Nassarawa GRA, ni ce kuma mai cika kati. Dokar Likita ɗaya ce: abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba. Shi ya sa na ɗauko sabon littafi daga kabad na fara wannan. Sai dai akwai abin da ba zan rubuta ba.

Injin wanke haƙori na ɗakina har yau a lalace, hannunsa ya mutu. Da ƙugiya nake kankarewa.

Talata, 8 ga Yuli, ƙarfe 4:40 na yamma

Wani Alhaji daga Gawuna, goron shekara talatin a bakinsa. Awa ɗaya da rabi ina kansa, ƙar, ƙar, ƙar, har wuyan hannuna ya sage. Ya riƙe hannun kujera gam, sai na ga kamar hannun Yaya ne. Shi ma haka yake yi, ƙaton mutum mai auna filaye cikin rana, amma da ya ga madubin baki sai gumi. "Safina, a hankali, ba garwa kike kankarewa ba." In ce masa ai garwa ta fi bakinka tsabta, sarkin shan shayi.

Na ce wa Alhaji ya kurkure. Na tsaya ina kallon ruwan yana zagaye kwano har ya tambaye ni ko lafiya.

Alhamis, 10 ga Yuli, ƙarfe 11:05 na safe

Likita ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Yana da abokin karatu a asibitin da aka kai mutum bakwai ɗin da suka ƙone. Ashe kafin a binne su, mutumin ya ɗauki hoton haƙoran kowa, ya sa lamba ɗaya zuwa bakwai, ko da wani zai zo nema. Wuta ba ta cika cin haƙoran ciki ba. Na sani, an koya mana a makaranta, har na ci tambayar a jarrabawa.

Ya ce, "Ba dole ba ne ki kalla. Kawo min katin yayanki kawai, ni zan gwada."

Na ce zan kalla. Bakina ne ya faɗa, ban san dalili ba. Yana turawa da yatsa, ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida, bakwai. Na ce bari in nemo katin.

Ba zan yi maganar na huɗu ba.

Alhamis, ƙarfe 2:30 na rana

Na ce masa ban ga katin ba.

Juma'a, 11 ga Yuli, ƙarfe 8:10 na safe

Na turara kayan aiki sau biyu. Layin jikin ledarsu mai nuna sun turaru ya sauya launi tun a karon farko, na gani da idona, amma na sake mayar da su tukunya.

Lahadi, 13 ga Yuli, bayan la'asar

Gida. Gwaggo, wato mahaifiyarmu, haka muka taso muna kiranta, kullum sai ta zuba tuwon Yaya a kwanonsa mai murfi ta ajiye a kan firji. In gari ya waye ta bayar, da yamma ta sake zubawa. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa. Tun da nake ban taɓa jin sa a bakinta ba, sai "yayanku," ko "mai gidan Ameera." Yau ta ce, "Yayanku ba ya son miya ta huce," ta ɗora tawul a kan murfin.

Ameera matarsa ta rame kamar an zare mata laka. Ita da Kawu sun je asibiti shida. Wani ya bugo waya ya ce ya ga mai kama da shi a wata tasha, suka je, ba shi ba ne. Ta ce min, "Anti Safina, ko dai sace shi aka yi? Wallahi da in ji haka ne ma da na yi sujada." Na ce Allah ya sa mu ji alheri. Na ci loma biyu na ce cikina ne.

Ba wanda ya san zancen hotuna a gida. Na roƙi Likita ya bari sai an samu katin.

Talata, 15 ga Yuli, ƙarfe 3:00 na rana

Magdalena, abokiyar aikina mai kula da gaban tebur, ta sauke duk katunan kabad ɗin ƙasa tun safe. Fiye da dubu uku, ɗaya bayan ɗaya, tana atishawa. Ko abincin rana ba ta ci ba. Ta ce, "Ni dai a shekara goma sha biyu kati bai taɓa ɓace min ba, sai na ɗan'uwanki? Allah ba zai bar ni da wannan kunyar ba." Ta ce ranar Lahadi ta sa sunansa a addu'a a cocinsu na Tudun Wada.

Na durƙusa na taya ta nema. Awa biyu ina taya ta nema. Kai, Safina, ba ki da kunya.

Jakata tana rataye a bayan ƙofa. Na sa katin a ledar da muke rufe kayan aiki, na liƙe bakin, yana can ƙarƙashin sallayata.

Alhamis, 17 ga Yuli, ƙarfe 12:20 na rana

Sabon hannun inji ya iso. Likita ya gaji da ganina ina fama da ƙugiya, ya sa an aiko da wani daga Legas. Aka haɗa, na taka, ya yi ƙarar nan tasa mai shiga ƙwaƙwalwa, ruwa ya feso. Na cire ƙafata. Na ce wa Likita ni dai na saba da hannu yanzu.

To, bari in rubuta, tun da abin da ba a rubuta ba ba a yi shi ba.

Ranar Talata, 1 ga wata, ya kamata Yaya ya dawo. Ya gama aikinsa, har ya ɗaure jaka. Ni na kira shi na ce don Allah ya ƙara kwana ɗaya, mai sayar da kayan asibiti ya ce hannun injin zai iso Laraba da safe, ya karɓo min. Ya ce, "Ke fa kin fiye naci. Saboda ƙarfen azabtar da mutane zan ƙara kwana?" Na ce in bai karɓo ba, ran da ya zo wanki da ƙugiya zan yi masa, ba sauƙi. Ya yi dariya ya ce to, ya ji tsoro.

Mai shagon ya ce ƙarfe takwas da kwata ya karɓa. Motar ta tashi tara saura.

Ba wanda ya taɓa tambayata me ya sa ya kwana. Suna tsammani aiki ne.

Asabar, 19 ga Yuli, ƙarfe 5:30 na yamma

Kawu ya kawo Malam Sagiru, limamin masallacinmu, don a san matsayin Ameera. Muna bayan labule. Malam ya ce ba a takaba a kan zato, sai an tabbatar. In kuma ba a tabbatar ba, ba a kuma gan shi ba, matar wanda ya ɓace sai ta kai magana gaban alƙali, a jira shekara huɗu, sannan a duba.

Shekara huɗu. Ameera shekararta ashirin da bakwai. Ta kama gwiwata ta matse. Gwaggo kuwa ta ce, "Ai ba za a kai haka ba, yana hanya."

Na kalli fuskar Gwaggo, na kalli ta Ameera. In na yi shiru na kashe ɗaya a tsaye, in na yi magana na kashe ɗayar a zaune. Tsoro nake ji, shi ke nan gaskiyar. Ba tausayin Gwaggo kawai ba ne, kar in yi wa kaina ƙarya a littafina. Tsoron tambayar da za ta biyo baya nake: me ya zaunar da shi har Laraba?

Litinin, 21 ga Yuli, ƙarfe 2:00 na rana

Na yi kuskuren da ban taɓa yi ba. Wata Hajiya, haƙoranta talatin da biyu cif, ko kogo babu. A jikin kowane kati akwai zanen baki, muna sa alama a kan haƙorin da aka cire, da wanda aka cike. Da Likita ya karɓi katinta sai ya daɗe yana kallo, ya kira ni gefe.

Na soke turmin farko na ƙasa a dama, wai babu shi. Na sa alamar cikon ƙarfe a na bayansa. A sama ta hagu na rubuta: fiƙa ta karkace, ta hau kan maƙwabcinta.

Ya ce, "Wannan ba bakin Hajiya ba ne."

Na ce gajiya ce. Ya ce, "Na san gajiya ce." Ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar. Ina jira ya ɗauko wayarsa ya buɗe hotunan, bai ɗauko ba. Ya ce in buɗe wa Hajiya sabon kati, wannan kuma ya sa a durowarsa.

Mutumin nan ya san komai. Da ma ya yi min tsawa, da ya fi min sauƙi.

Laraba, 23 ga Yuli, ƙarfe 10:00 na safe

Duk bakin da na leƙa, sai idona ya fara zuwa ƙasa ta dama.

Laraba, ƙarfe 4:15 na yamma

Kujerar ɗakina tana da wani ƙara da take yi in mai nauyi ya zauna. Ina wanke hannu, bayana a juye, na ji ta yi. Ba kowa a ɗakin. Magdalena ta ce iskar cikinta ce ke sauka, ta daɗe tana yi. Wataƙila. Ni dai ban juya da wuri ba, na tsaya da sabulu a hannu ina jira in ji an ce, "A hankali, Safina."

Juma'a, 25 ga Yuli, ƙarfe 6:00 na yamma

Afrah, 'yar Yaya, ta fara famfara. Ta kawo min haƙorin a ƙulle cikin takarda, tana rufe baki da hannu wai kar ƙadangare ya ga giɓin, sabo ya ƙi fitowa. Na ce ta jefa kan rufi yadda ake yi. Ta ce a'a, sai Abbanta ya dawo ya gani. Ta ce in ajiye mata a asibiti, tun da mu ba ma ɓatar da komai.

Ameera tana guga, ta goge rigunansa duka, har wanda ya daina sawa. Gobe za su tafi asibiti na goma sha ɗaya.

Litinin, 28 ga Yuli, ƙarfe 1:30 na rana

Duk ranar Litinin Magdalena takan buɗe littafin alƙawari ta kira waɗanda wata shidansu ya cika, ta tuna musu su zo wanki. Yau ta shigo ɗakina da littafin, ta tura ƙofa da ƙafa. Ta buɗe shafin Alhamis, 31 ga wata. Ƙarfe goma na safe: Abdulbaqi Ahmadu. Rubutuna ne, da fensir, tun watan Janairu. Har na ƙara a gefe, "a tsorata shi ya zo."

Ta ce, "In goge?"

Na ce kar ta taɓa.

Ta zauna a kujerar marasa lafiya, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Safina, kati ba ya da ƙafa. Na tuna ranar Alhamis ɗin da Likita ya kira ki ofis na ga kin buɗe kabad ɗin ƙasa, kafin ki ce ba ki gani ba. Ban faɗa wa kowa ba, ba kuma zan faɗa ba. Da ƙanena ya rasu a Zariya, kwana biyu suka ɓoye min don ina da ciki. Har yau kwana biyun nan sun fi min ciwo, don ina ta dariya a cikinsu."

Na ce ta yafe min wahalar da na ba ta. Ta ce, "Atishawar ce kawai ban yafe ba." Muka yi dariya, sai dariyar ta koma kuka, ni ce na fara.

Amma ban ciro shi ba. Na ce ta bar ni zuwa Alhamis. Ta ce me zai faru ranar Alhamis? Na ce yana da alƙawari. Yaya bai taɓa saɓa alƙawarin wanki ba, yana ƙorafi amma yana zuwa.

Laraba, 30 ga Yuli, ƙarfe 3:45 na yamma

Na ware wa Yaya farantin kayan aikinsa daban. Madubi, ƙugiya biyu, hantsaki, auduga. Na turara, na liƙa takarda, na rubuta 31/7, 10:00. Na san abin da nake yi hauka ne, amma na yi shi tsaf.

Alhamis, 31 ga Yuli, ƙarfe 9:40 na safe

An yi ruwa da asuba, hanya duk taɓo. Zai makara. Na shimfiɗa sabuwar takarda a kujera, na kunna fitila, na zuba ruwan kurkure baki mai ɗumi don ba ya son mai sanyi. Na fito da katin daga jaka na yage ledar, don ba a ganin mara lafiya ba kati.

Alhamis, ƙarfe 11:10 na safe

Dokarmu minti talatin ce. In mutum bai zo ba, sai in rubuta kwanan wata a katinsa, in sa "bai zo ba," in sa hannu. Na rubuta haka ya fi sau dubu, ko tunani ba na yi.

Na ba shi awa guda. Magdalena ba ta turo min kowa ba. Ruwan ya huce. Na ɗauki biro na rubuta kwanan wata, hannuna ya ƙi ƙarasawa. In na sa "bai zo ba," gobe Magdalena za ta kira lambarsa ta ba shi wata rana, haka tsarin yake. Wata shida kuma ta sake. Sai na ga Ameera tana guga shekara huɗu.

Na kashe fitila. Na kai wa Likita katin. Bai tambaye ni inda na samo ba. Ya ajiye shi kusa da wayarsa, ya buɗe hoto na huɗu, ya ɗauko hoton haƙoran da muka yi wa Yaya bara, ya gwada, a hankali, haƙori bayan haƙori, yana kira ina amsawa yadda muke yi kullum. Giɓi a ƙasa ta dama. E. Cikon ƙarfe a bayansa. E, kai ka yi shi, ni na riƙe maka bututun zuƙe yawu. Fiƙa.

Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, Safina. In raka ki?"

Na ce a'a, ni na ɓoye, ni zan kai.

Alhamis, bayan magariba

Na samu Gwaggo a ɗaki tana tsince shinkafa. Na durƙusa na ajiye katin a gabanta. Ba ta karatun boko, amma ta ga zanen baki. Na faɗa mata komai, hotuna, sati uku, jaka. Na faɗa mata Talata da Laraba da hannun inji. Na ce ni na zaunar da shi.

Ta ture shinkafar gefe. Sai ta sa yatsa a kan zanen ta ce, "Ina fiƙar?" Na nuna mata. Ta ce, "Irin ta Malam ce, babanku. Da ita ya fito tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya, na ce a bar masa." Sannan ta ce, "Tun ranar da kika daina cin tuwona na san akwai abin da kike ɗauke da shi. Ni ma tsoron tambayarki na ji. Zancen Laraba kuwa, ke kati kike rubutawa, Safina. Wancan rubutun an gama shi tun ba a haife ki ba."

Ameera ba ta yi min sauƙi haka ba, ba kuma ta da dalilin yi. Ta ce, "Asibiti goma sha ɗaya, Anti Safina. Ina ɗaga zane ina leƙa fuskar mazan mutane, ke kina da shi a jaka." Ta shiga ɗaki ta rufe. Ban san yaushe za ta sake kallona ba, zan jira.

Kawu ya tafi faɗa wa Malam Sagiru. Gobe bayan Juma'a za a yi addu'a, jibi maza za su je inda aka binne su.

Da tsakar gida ta fara cika, Gwaggo ta tashi ta je wurin firji. Ta cire tawul, ta sauko da kwanon, ta riƙe shi da hannu biyu. Ta ce, a gaban kowa, muryarta ba ta rawa:

"Safina, zo ki juye wannan ki wanke. Na Abdulbaqi ne."

Na wanke shi sau biyu.